Shekarar da Na Fitar da Littafin Burtali

'Ya'yana, na san abin da ake faɗa muku a gidan baffanku Garba, Allah ya jiƙansa. Ana ce muku ubanku ya miƙa wa Fulani gonar gado don gwamnati ta ƙara masa girma. Na daɗe ina shiru, domin ina ganin in na buɗe baki kamar ina ƙara wa mamaci nauyi ne. Yanzu idona ya yi rauni, hannuna yana gajiya in na jima riƙe da biro, kuma duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa. Ba wanke kaina zan yi ba. Ina da laifi a cikin wannan magana, sai dai ba shi ne laifin da ake ɗora mini ba.

A wancan lokaci ni ke kula da ɗakin karatu na wata makarantar sakandare a Jega, ina zuwa kullum a kan babur daga ƙauyenmu da ke tsakanin Jega da Aliero. Malam Umaru na laburare, haka kowa ke kirana. Wata rana mota ta sauke kwalaye a ƙofar ofis. Shugaban makaranta ya farke ɗaya, ya ga ba littattafan jarrabawa ba ne, ya ce a kai mini in san inda zan zuba su. Manyan littattafai ne masu kauri da baƙin bango, duk da Turanci, an tattara dokoki da manufofin gwamnati a cikinsu: na ƙasa da gonaki, na ilimi, na lafiya, na aikin gwamnati, na kiwo da gandun daji. Ba irin littafin da ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba ne. Irin wanda ake ajiyewa ne sai tambaya ta taso a je a duba. Na jera su a kantar da ke nesa da taga, na rubuta a kansu cewa ba a fita da su waje. Ɗalibai ba su cika taɓa su ba, amma na ga amfaninsu tun kafin zangon ya ƙare. Wata malamarmu da ke da ciki, an ce mata ba ta da hutun haihuwa saboda ba ta daɗe da fara aiki ba. Ta zo tana hawaye, muka buɗe littafin aikin gwamnati tare, ta kwafe sashen da ya shafe ta a takarda, ta kai ofis. Ba wanda ya sake ce mata komai. Tun daga ranar na fara karanta su ɗaya bayan ɗaya in ɗalibai sun tafi aji.

Da kaka, an gama yankan gero, na kai ga littafin kiwo. A bayansa akwai taswirori a ninke. Na buɗe ta yankinmu don sha'awa kawai, in ga ko an sa sunan ƙauyenmu. An sa. An kuma ja jan layi daga dajin gabas, ya bi ta bayan gari, ya gangara fadama har bakin ruwa. Burtali ne, hanyar da doka ta keɓe wa shanu su bi su sha ruwa. An rubuta faɗinsa, an rubuta cewa an kafa turakun siminti a gefensa biyu, an kuma hana noma a cikinsa. Na bi layin da yatsa sau uku. Ta tsakiyar gonar albasar Yaya Garba ya ratsa.

Ya kamata ku san ko wane ne Garba a wurina. Da mahaifinmu ya rasu ina aji biyu na sakandare, shi ya tsaya a gona don ni in ci gaba da karatu. Bai taɓa goranta mini ba sai a waccan shekarar. Mutum ne mai aiki kamar ba zai mutu ba, in yana dashen albasa ba ya ɗago kai sai an kira salla. Gonar da muka gada ƙarama ce, a gefen burtali take. Shekara bayan shekara yana ɗan matsawa, kunya ɗaya bana, biyu baɗi, maƙwabtansa na ɗaya gefen su ma suna matsowa, har hanyar ta koma wani ɗan lungu da shanu ke bi a jere. A shekarar da nake ba ku labari ya sayi injin ban ruwa, suka yi shawara da sauran su rufe ɗan lungun da ya rage.

Na same shi a bakin rudu, inda yake ajiye albasa, yana gyara shi. Na gaya masa abin da na gani. Bai bar aikin da yake yi ba.

"Wa ya san da littafin ga ban da kai?" in ji shi.

"Ba kowa, Yaya."

"To shi zauna inda shike. Albasag ga ita tak kai ka makaranta har kas san yadda aka buɗe littafi. Ina da ɗiya tara. Ka gaya man wace takarda za ta ba su tuwo."

Na je wurin Inna, mahaifiyarmu, ina tsammanin za ta tsaya mini, domin ita da matar Ardo Buba, shugaban Fulanin da ke rugar gabas, aminai ne tun suna amare. Shanunsu ke kwana a gonar geronmu bayan girbi su bar mana taki, nononsu muka sha muka girma. Ƙanen Ardo, Manu, sa'ana ne, allo ɗaya muka wanke a wurin malami ɗaya. Inna ta saurare ni har na gama, tana tsince wake a faifai.

"Umaru," ta ce, "ku biyu gare ni. In kak kai maganag ga waje, ɗaya za ya rage man. Ka bari, manya su sasanta."

Mahaifiyarku Hajjo ita kaɗai ta ce in yi magana. Ta ce abin da mutum ya sani ya riga ya hau kansa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Na ce mata ba ta san tsakanina da Garba ba. Na ninke taswirar, na mayar da littafin kanta.

Aka rufe lungun, aka yi dashe, aka kewaye da ƙaya. Ardo Buba ya zo wurin maigari da ƙara, ina zaune a zauren ranar. Ya ce tun kakanninsu nan suke bi. Garba ya ce tun ubanmu nan yake nomawa. Maigari ya tambaya ko akwai mai takarda, aka yi shiru. Ardo ya waiwayo ya dube ni, ba don yana zargin komai ba, don ni ne ɗan boko a zauren. Na sunkuyar da kai ina wasa da makullin babur. Maigari ya ce a yi haƙuri zuwa a cire albasa, shanu su zagaya ta wajen Kimba. Tafiya ce mai nisa ga dabbar da ke jin ƙishirwa, amma Ardo ya ce ya ji, ya tashi ya sa takalmansa.

Sun yi haƙurin wata uku. Ina ganinsu da safe in zan tafi aiki, suna kora shanu ta doguwar hanya, kullum dabbobin suna ƙara ramewa. Da zafi ya tsananta, ruwan can wajen ya janye ya koma laka. Wata ranar Laraba da azahar, ina makaranta, shanun Manu suka jiyo ƙanshin ruwan da injin ke zubawa a kunyoyi, suka fi ƙarfinsa. Suka tattake ƙayar suka afka cikin albasar da saura kwana kaɗan a cire ta. Waɗanda ke wurin sun ce Manu yana gaba yana dukansu da sanda yana ƙoƙarin mayar da su. Mutane suka fito daga gonaki da fartanya da sanduna. Har yau ba wanda ya faɗi hannun da ya sauke masa fartanya a ka. Ba Garba ba ne, wannan na tabbatar, yana can bakin inji lokacin. An ɗora Manu a mota za a kai shi asibiti a Jega, ya cika a hanya. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Na dawo da la'asar na tarar da gari tsit. Washegari aka ga Fulani sun kwashe mata da yara daga ruga, maza kaɗai suka rage. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Matasanmu suka fara wasa adduna a bayan masallaci. An kama mutum uku, aka turo jami'an tsaro suka zauna a bakin gari, aka kuma kafa kwamitin sulhu da zai zauna da ɓangarorin biyu. Kwana biyu ana zama ba a cim ma komai ba. Manoma sun rantse ba burtali a wurin, Fulani sun rantse akwai. Aka aika ofishin da ya kamata a ce yana da taswira, aka dawo aka ce an neme ta ba a gani ba. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya ce in ba hujja sai dai a bar kowa inda yake. Barin kowa inda yake kuwa, a wannan makon, yana nufin jini.

Ran kwana na uku na tafi makaranta da sassafe, na ɗauko littafin na naɗe shi a cikin ɗankwalin Hajjo, na ɗaure a bayan babur. Kafin in wuce wurin zaman sai da na biya gida. Garba yana alwala a tsakar gida. Ya dubi ƙunshin, ya gane.

"In kat tahi da abin ga," ya ce, "kada ka sake ce man Yaya."

"An kashe mutum, Yaya. Za a ƙara kashe wasu."

"Ba ni nik kashe shi ba."

"Na sani. Ni ma ban ɗauki fartanya ba."

Inna tana ƙofar ɗakinta. Ta juya ta shiga ciki ta saki labule.

A wurin zaman na nemi izini, na shimfiɗa taswirar a kan tebur. Na karanta da Turanci, na fassara da Hausa, wani ya mayar da Fulatanci. Ban tsallake komai ba. Na karanta inda aka hana noma a burtali. Na karanta inda aka ce makiyayin da dabbarsa ta yi ɓarna a wajen burtali shi ke da alhaki. Na karanta inda aka ɗora wa hukuma kula da turakun da sabunta su, abin da ba a yi ba tun muna yara. Ba wanda littafin ya bari da gaskiya shi kaɗai, ina jin shi ya sa aka saurare shi. Shugaban kwamitin ya karɓa ya duba hatimin gwamnati, ya ce a tashi a je fadama. Aka ɗauki igiyar awo da magirbi. A daidai inda taswira ta nuna aka tona, ba a yi zurfin kamu biyu ba aka ci karo da gindin turken siminti, an fasa kansa an binne sauran. Aka ci gaba, aka tono na biyu, aka tono na uku a tsakiyar kunyoyin Garba. Mutanen garinmu suna tsaye suna kallo. Da aka ja igiya, fiye da rabin gonarsa ya faɗa cikin burtali, tare da na wasu mutum biyar.

Faɗan bai auku ba. Wannan kaɗai nake riƙewa in abin ya dame ni. Mata da yara suka koma ruga bayan sati biyu. Amma kafin a watse a ranar, Ardo Buba ya tako har inda nake tsaye ina ninke taswira. Ya gode mini, ya riƙe hannuna da nasa biyu. Sai ya tambaye ni a hankali, ba da wata manufa ba:

"Malam, yaushe kag gano littafin ga?"

Da na ce jiya, da ya yarda. Na ce masa tun kaka, kafin a yi dashe.

Ya saki hannuna.

"Ranar da niz zo zauren maigari, kana nan zaune."

"Ina nan."

"Manu na da rai ranan nan," ya ce.

Ya juya ya tafi. Ya rayu shekara goma sha wani abu bayan haka, muna haɗuwa a kasuwar Jega, yana amsa sallamata kamar yadda addini ya ce, ba ya ɗorawa. Wannan shi ne laifina, 'ya'yana. Ba fitar da littafin ba. Watannin da na bar shi a kanta.

Game da girman da aka ce an ƙara mini, ga abin da na samu. Da na mayar da littafin, shugaban makaranta ya ba ni takardar neman ba'asi, don na fitar da littafin da ni da hannuna na rubuta ba a fita da shi, ba tare da izininsa ba. Na amsa, aka sa a fayil ɗina. A kan matakin da nake na yi ritaya.

A gida kuwa, kafin damina ta faɗi Garba ya sa an ja katanga ta raba tsakar gidanmu biyu, rijiya ta faɗa ɓangarensa. Hajjo ta riƙa zagayawa ta waje tana ɗebo ruwa a maƙwabta, tana goye da ke, Safiya. A masallaci in na shiga sahu, na kusa da ni sai ya ɗan matsa. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan shekara ɗaya na kama haya a Jega muka tashi, shi ya sa ku duka can kuka girma kuna tambayata me ya sa ba ma zuwa ƙauye da salla. Inna ta zauna wurin Garba, don shi ne babba. Takan aiko muku da ƙuli-ƙuli da daddawa ta hannun masu zuwa kasuwa, ba tare da saƙon baki ba. Da ta rasu, a bakin wani direba na ji, na isa ana dawowa daga maƙabarta.

Abin da ya rage wa Garba bai ishe shi riƙe gida ba. Manyan 'ya'yansa biyu suka bar makaranta suka tafi Kudu ɗaukar kaya a kasuwar albasa, ɗaya bai dawo ba har yau. Don haka in 'yan'uwanku na can suna jin zafina, kada ku ce ba su da dalili. Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani na tafi ba tare da an kira ni ba. Na same shi kwance, ya ƙare, sai idanu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yafe mini. Ya juya fuskarsa wajen bango. Na zauna har aka kira la'asar. Da na miƙe zan fita sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Umaru. Cikin littattafan naka duka, akwai inda anka rubuta hakkin wa bisa ƙanensa?"

Na ce babu, Yaya.

"Na yi zato," ya ce.

Bayan kwana huɗu ya rasu. Ban sani ba ko ya yafe. Na bar wa Allah.

Duk da haka ban taɓa jin haushin littattafan nan ba. Sauran shekarun aikina na ƙarar da su ina jan ɗaliban manyan aji zuwa kantar nan, ina nuna musu yadda ake neman magana a ciki. Ina gaya musu cewa dokar da aka rubuta aka kulle a ofis, ta mai ofis ce. Wadda ke cikin ɗakin karatun makaranta, inda ɗan manomi da ɗan makiyayi ke zama a benci ɗaya, ita ce ta kowa. Da a ce mutum goma a garinmu sun san abin da ke cikin taswirar nan, da shiruna ni kaɗai bai isa ya kashe Manu ba, da kuma Garba bai kai ga zuba ƙarfinsa na shekaru a ƙasar da ba tasa ba. Wasu ɗaliban sun ji, da yawa suna ƙosawa a buga ƙararrawa.

Shekara uku da suka wuce, ina zaune a ƙofar gida da hantsi, wasu mutum biyu suka tsaya a kan babur ɗaya. Daga wani ƙauye suke ta wajen Maiyama. Mai tuƙin manomi ne, na bayansa Bafulatani ne da sandarsa a kafaɗa. Sun ce rikicin hanyar shanu ya taso musu, an fara kai ruwa rana, sai wani tsoho ya ce musu akwai wani malami a Jega mai littafin da ke nuna iyaka. Jama'arsu suka amince su biyun su zo tare, duk abin da littafi ya ce za a bi. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na sa riga muka tafi makarantar.

An mayar da ɗakin karatun aji, saboda ɗalibai sun yi yawa. Littattafan an kwashe su an zuba a wani ɗaki a bayan ɗakin gwaje-gwaje, tare da karyayyun kujeru. Da ƙyar aka samo makulli. Rufin ya yaye ta kusurwa ɗaya, damina nawa ta zuba a ciki ban sani ba. Na gane su tun daga ƙofa da baƙin bangonsu. Na ɗaga na kiwo, ya yi mini sauƙi a hannu. Da na buɗe, bango ne kawai. Gara ta cinye cikin ta maye gurbinsa da jar ƙasa, ta zubo mini a kan ƙafa. Na tambaya ko an taɓa aiko da sababbi. Matashin malamin da ya buɗe mana ya ce yanzu ai komai yana cikin waya. Na ce ya nemo mana. Ya yi ta latsawa yana ɗaga wayar sama, ya samo jawabai iri-iri a kan kiwo, bai samo taswirar ba.

Bafulatanin ya tsuguna ya taɓa ƙasar da yatsa.

"To Malam, kai da kak karanta shi, ba ka tuna inda tamu hanya tab bi?"

Na ce masa gaskiya. A da taswirar yankinsu tana ciki, na sha ganinta a ninke, amma tamu kaɗai na taɓa buɗewa.

Muka fito bakin titi. Manomin ya tayar da babur, ya matsa gaba ya bar wuri a bayansa, yana jira. Bafulatanin ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya dubi hanyar Maiyama, ya ce masa ya wuce kawai, shi zai nemi mota.